Keken Dogo

Nomau ya ce, "Hau ka ji."
Na dubi keken, keken ya dube ni.
Baƙi ne wuluk, da nauyi kamar tsohon bashi,
sirdinsa daidai ƙirjina,
ni kuwa Rabe, ko a sahun salla
sai an leƙa ake ganin hulata.

Ƙahonsa ya lanƙwaso baya ya nufo ni
kamar na ragon da ya sha dusa,
ko hannun tsoho mai shirin ɗaukar jika.
Na ƙwanƙwasa sandar da farce.
Ƙarfe ne, ƙarfen da,
ba irin na yanzu ba, mai tsufa kafin a gama biya.

"Daga Kwatano ya zo," in ji Nomau,
"ƙarƙashin katifu da tsoffin firji.
Kafin nan, Allah masani."
A gindin sirdi akwai 'yar takarda manne,
rubutun ya goge, saura harafi uku.
Wani dogo ya hau shi a ƙasar da ban sani ba,
ya zauna, ya zauna, har fata ta ɗauki siffarsa.
Ko yana raye? Ko 'ya'yansa ne suka share ɗaki?

Na jingina shi da dakalin mai faci,
na taka bulo, na ɗare.
Ƙafafuna suna lilo kamar na yaro bisa jaki.
Masu shayi suka ajiye kofi.
Wani ya ce, "Mushe, a kawo tsani?"
Na ce, "Ajiye shi, sai wajen sauka."

Na tura.
Feda ta tafi ƙasa ta bar ni,
na bi ta da ɗan yatsa, ta dawo, ɗaya ta tafi.
Kwankwaso dama, kwankwaso hagu,
sarƙa tana tari, ƙararrawa ta shaƙe.
Sai ga shi bayana ya miƙe tsaf,
ƙahon nan ya buɗe mini ƙirji,
ina kallon Maradi daga sama:
buhunan gujiya, rufin adaidaita,
cikin gidan Barira mai ƙosai ta kan katanga,
har da zakaran da take cewa ya ɓace.

Shekara arba'in ta faɗi daga aljihuna.
Na tuna keken Baba, na kai auduga,
yadda nake zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda
in tafi a karkace kamar kaguwa,
shi yana barcin azahar, ni ina satar iska.

Sai hanya ta gangara wajen Gulbi.
Na lalubi birki. Babu.
Na lalubi ɗaya hannun. Ƙarfe sumul.
Yaron Nomau yana bina a guje,
"Taka baya! Mushe, taka baya!"
Wa ya taɓa tsayawa da komawa baya?
Na wuce amalanke, na wuce akuya uku,
na yi salati biyu, na fara na uku,
rairayi ya kama tayar gaba, ya ce ya isa.

Na sauka ba da tsani ba.
Wata mai lambu ta ɗago daga cikin tumatir,
ta dubi keken, ta dube ni,
ta ce, "Sannu. Ina mai shi?"

Muka turo shi sama, ni da yaron,
yashi a kunne, gwiwa tana zugi.
Nomau ya ce jikka hamsin.
Na nuna masa gwiwa, ya rage biyar.

Gobe kafinta zai ɗaura wa feda katako.
Tsahara za ta ce na sayo raƙumi,
ba gardi, ba dalili.
Ta faɗa.
Lawali ɗana, bana, ya kamo kafaɗata,
takalmina ma ya fara matse shi.
Kafin ya kai sirdin nan,
ni zan riƙa ɗumama masa wuri.